Jawabi Ga 'Yan Banga Da Maharba Na Birnin Zariya

Yau zan yi magana ne a kan bindiga mai tashi ba a taɓa ta ba.

Da yawanmu mun ɗauka sai an ja kunama take tashi. Ba haka ba ne. Idan an ɗura albarushi da harsashi, kunama tana kwance a kan abin da ke tada wuta. Bugu ɗaya ya ishe ta. Mutum ya yi tuntuɓe a lungu da dare, ko ya faɗo daga babur, ko doki ya kayar da shi ranar hawan Sallah, sai ka ji ƙara.

Ƙaramar bindiga ƙirar maƙera ta fi haɗari. Ana soke ta a ƙugu, bakinta yana duban cinya. A cinya kuwa akwai babbar jijiyar jini. In ta fashe, mutum na iya rasuwa cikin 'yan mintoci. Ita wannan ƙaramar ma dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙe ta, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar toka kuwa sai da lasin 'yan sanda.

Saboda haka kada ka yi tafiya da bindiga a ɗure. In ta suɓuce maka, kada ka kai hannu ka cafke ta. Gara ka kauce.

In an sami rauni, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a saki. A garzaya Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko asibitin koyarwa na Shika.