INUWA DA JIKI: YADDA IKILISIYAR FARKO TA KARANTA LITTAFI

'Yan'uwa ƙaunatattu na Kartum da Omdurman, alherin Ubangiji ya tabbata a gare ku. A ranar wannan biki ina so in tuna muku da wani mutumin bakin wannan kogi, wanda ya riga mu duka.

Ku duba Ayyukan Manzanni sura 8. Ma'ajin Sarauniya Kandakatu yana komowa daga Urushalima cikin karusarsa, yana karanta Ishaya sura 53, labarin wanda aka kai mayanka kamar tunkiya. Sarauniyar nan a Merowe take mulki, wajen kilomita 200 arewa da nan. Ya iya karatu, amma bai san ko wane ne ake nufi ba, sai da Filibus ya nuna masa Yesu. Nan take ya roƙi baftisma.

Haka ikilisiyar farko ta riƙa karanta Tsohon Alkawari: abin da ya faru inuwa ne, Almasihu ne jikin. Bulus ya ce ƙetare Bahar Maliya misalin baftisma ne, Hajaratu da Saratu kuwa misalin alkawari biyu. Saboda haka a daren Idin Tashi daga Matattu akan karanta labarin Bahar Maliya, sa'an nan a yi wa sababbin masu bi baftisma.

A Iskandariya ta Masar wannan karatu ya yi ƙarfi ƙwarai. Malam Orijin, wanda aka haifa wajen shekara ta 185, ya rubuta fassarar da ya samu daga wani dattijo a kan Basamariye mai jinƙai: wanda aka yi wa fashi Adamu ne, Basamariyen Almasihu ne, masaukin ikilisiya ce. Amma fassarar ta kai har ga dinari biyu, ta ce Uba ne da Ɗa. Malaman Antakiya suka ƙi irin wannan, gama sun ga in kowane abu ya zama misali, labarin kansa zai ɓace.

Daga Masar bishara ta hauro kogin Nilu. A shekara ta 580 Bishop Lonjinus ya yi wa sarkin Alwa baftisma, kuma kufan birninsa, Soba, yana kusa da Kartum a bakin Shuɗin Nilu. Ashe tun kafin wani Bature ya zo, mutanen ƙasar nan suna neman Almasihu cikin Musa da annabawa.

To, ga gargaɗina. Yau za ka ji mai wa'azi ya ɗauki aya ya ɗora mata mafarkin kansa, raunana kuwa su yi tuntuɓe. Ku riƙe ma'auni uku. Ku fara da labarin yadda yake. Ku duba ko Sabon Alkawari ya yarda da misalin. Ku duba kuma inda ya kai ku: in ga Almasihu ne, madalla, in ga girman mai wa'azi ne, ku bar shi.

Ma'ajin nan bai ji kunyar tambaya ba, ya kuwa tafi yana murna. Allah ya sa mu zama kamarsa. Amin.