Ginin Mata da Yara na Asibitin Komfo Anokye

Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye shi ne inda ake tura yara daga Asibitin Manhyia da unguwannin Zongo idan ciwo ya tsananta. A 1976, zamanin mulkin Janar Acheampong, aka aza harsashin sashen haihuwa da yara. Aiki ya tsaya, ginin ya shafe fiye da shekara 40 yana shan rana da ruwa, alhali a tsohon ɗakin jarirai na asibitin ana kwantar da jarirai biyu ko uku a gado ɗaya. Wannan sakaci ne da ya wajaba Majalisar Dokoki ta tuhumi Ma'aikatar Lafiya a kansa. A Mayun 2020 Shugaba Akufo-Addo ya sake ƙaddamar da aikin, amma injiniyoyi suka tarar ginin ya raunana, aka rushe shi domin a gina sabo.