Jawabi Kan Tsofaffin Gadojin Ƙarfe Na Hanyar Arewa



Jama'a, mu da muke zaune a Kurmi, gada ce ta kawo mu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, amma sai da aka gama gadar Jebba a 1915 ya daina jiran fito a Kwara. Ta Makurɗi kuwa a 1932 aka buɗe ta. Ta kan irin waɗannan shanun iyayenmu suka gangaro, goro ya hau.

Akwai kuma ƙannensu na ƙauyuka, masu ɗaukar mota ɗaya tak. Ƙarafa ne aka gicciya kusurwa uku-uku, aka ɗaure da ƙusa, kowane yana taya ɗan'uwansa ɗaukar nauyi. In ka iso sai ka jira na tsallake ya wuce. A wannan jiran ake salla, a sayi abinci, har 'yar kasuwa ta kafu.

To, yanzu an kawo na kankare masu hannu biyu. Alhamdu lillahi, tirela na wucewa, tumatir ba ya ruɓewa a layi. Ba mu ƙi ba. Abin da ya dame mu shi ne, da an buɗe sabuwa sai a sa wuta a yanyanke tsohuwa, a auna ta a sikeli. Kuma mu faɗi gaskiya, cikin masu sayen gwangwan akwai yaranmu.

Wai me ya hana a bar ta? Masu ƙafa da 'yan babur da makiyaya su bi ta nan, su huta da manyan motoci. Ran da ruwa ya ci sabuwa kuma, ga madafa. Kun tuna 2017 da gadar Tatabu ta karye tsakanin Mokwa da Jebba, yadda kaya suka tsaya. Ko 'yar gadar Lugga ta 1904 ba a narkar ba, ɗauko ta aka yi daga Zungeru aka kafa a Gamji, Kaduna.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiya su rubuta wa hukuma. Ku kuma 'yan gwangwan, duk wanda ya kawo muku ƙarfen gada, ku nemi takardar izini kafin ku ɗora a sikeli.

Allah Ya kiyaye mana hanya. Wassalamu alaikum.