Jarumi Da Bos A Majigi, Da Abin Da Ya Shafe Mu A Zamfara



Batun da aka ɗora mana yau shi ne takun-saƙar da ke tsakanin jarumi da mugu a finafinan nan na masu ƙarfin ban mamaki, watau irin su Superman da Batman da Black Panther. Wataƙila wani ya ce ai wannan zancen yara ne, me ya kawo shi zauren jami'a? To, a yi mana haƙuri a saurara. Mu da muka fito daga Gusau da Tsafe da Bungudu muna ganin tambayar da ke ƙunshe cikin waɗannan finafinai ita ce ke gabanmu dare da rana. Ga ta: idan hukuma ta gaza tsare jama'a, wani mai ƙarfi ya tashi ya ce shi zai tsare su, to wa zai riƙe linzaminsa shi kuma?

Da farko ya kamata mu tuna cewa Bahaushe bai jira Amurka ba kafin ya san gwarzon da ƙarfinsa ya wuce na mutane. A 1938 Superman ya fara fitowa a littattafan zane, Batman ya biyo shi a 1939, alhali kuwa tun 1934 aka buga Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya gwabza da mutane har da aljannu. A nan ƙasar Zamfara ma muna da 'yan tauri, waɗanda ake cewa ƙarfe ba ya cin su, ga kuma marigayi Kassu Zurmi da ya yi suna wajen zuga su da kiɗa. Sa'an nan iyayenmu da suka yi zamanin zuwa silima a Gusau sun raba 'yan wasa gida biyu, akwai jarumi, akwai bos. Ƙa'idar da kowane ɗan kallo ya sani ita ce, ba a tashi sai bos ya faɗi.

Amma duk wanda ya zura ido da kyau zai ga cewa sau da yawa jarumi da bos daga rauni ɗaya suke fitowa. Batman yana yaro aka kashe iyayensa a gabansa. Magneto, abokin gābar jaruman X-Men, yaron Bayahude ne da 'yan Nazi suka raba da iyayensa a sansanin kisa a ƙasar Folan. Killmonger na fim ɗin Black Panther na 2018 kuwa, yayan mahaifinsa ne, watau Sarkin Wakanda, ya kashe masa uba, aka yar da shi maraya a Amurka. Dukansu an zalunce su, dukansu suna da ƙarfi, kuma babu wanda ya tsaya jiran alƙali a cikinsu. Ashe ke nan kukan zalunci kaɗai ba ya mai da mutum jarumi, domin bos ma yana da nasa kukan, wani lokaci ma kukan nasa ya fi kama hankali.

To, ina bambancin yake? A ganinmu yana ga iyaka. Killmonger yana da gaskiya da ya ce an yi wa baƙar fata zalunci a duniya Wakanda tana kallo, har Sarki T'Challa ya karɓi wannan magana a ƙarshe ya buɗe ƙasarsa. Abin da ya mai da shi bos shi ne, ya ƙudura cewa kowa zai biya bashin, da mai laifi da marar laifi. Batman kuwa, a The Dark Knight na 2008, ya sami Joker a tafin hannunsa bayan duk ta'asar da ya yi, amma ya ƙi kashe shi, ya bar wa 'yan sanda. Watau jarumi shi ne mai ƙarfin da ya yarda akwai abin da ba zai aikata ba ko an tsokane shi, ya kuma yarda akwai wanda zai iya tuhumarsa.

Masu shirya finafinan da kansu sun gane hatsarin. Captain America: Civil War na 2016 a Legas labarinsa ya fara. Jarumai sun biyo mugu, garin kama shi bom ya tashi ya hallaka bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Daga nan ƙasashe 117 suka ce tilas jaruman su koma ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Iron Man ya amince, Captain America ya ƙi, sai faɗa ya koma tsakaninsu. Haka ma Sholay, fim ɗin Indiya na 1975 da iyayenmu suka sha kallo. Gabbar Singh ɗan fashin daji ne mai aiko yaransa su karɓi hatsi daga ƙauye, sai wani tsohon ɗan sanda da ya kashe wa iyali ya yi hayar ɓarayi biyu su kamo masa shi. A yadda aka fara ɗaukar fim ɗin, tsohon ne ya kashe Gabbar, amma hukumar tace finafinai ta Indiya ta sa aka sake ƙarshen, 'yan sanda suka zo suka tafi da shi.

Jama'a, wanda ya ji labarin ɗan fashi mai karɓar hatsi daga manoma ya san mun iso gida. Shekara fiye da goma ke nan 'yan bindigar daji suna sace shanu, suna ƙona ƙauyuka, suna ɗora wa manoma haraji kafin su yi shuka ko girbi. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe ta zama abin fargaba ga matafiya. A watan Satumba na 2023 aka shiga Sabon Gida a ƙasar Bungudu aka kwashe 'yan'uwanmu ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Gusau fiye da 20, yawancinsu mata. Da wuya ta yi wuya, sai mutanen ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai, kuma babu mai musun cewa da yawansu sun ba da ransu domin garuruwansu. Sai dai an yi ta kuka da wasunsu, cewa suna tare makiyayi a kasuwa su kashe shi ba bincike ba shari'a, don kawai kamanninsa. 'Yan bindiga kuma sai su riƙe wannan hujja, da ta burtalan da aka nome, su afka wa gari guda su kashe tsoho da jariri, kamar yadda aka yi a 'Yar Galadima a watan Afrilu na 2014, inda aka hallaka mutum fiye da 100. Kowane ɓangare ka tambaya, shi ne jarumin labarin. Ramuwar gayya kuwa, in ji Hausawa, ta fi gayya zafi.

A nan ne majigi ke yaudararmu. A fim, da bos ya faɗi sai a kunna fitila kowa ya tafi gida. A Zamfara an kashe Buharin Daji a watan Maris na 2018, kuma na hannun damansa ne ya kashe shi. Sojoji sun kashe Halilu Sububu a watan Satumba na 2024. Duk da haka daji bai lafa ba, domin talaucin da rashin adalcin da cinikin makaman da suka haifi na farko suna nan suna haihuwar wasu. Inda kuma babu kotun da za ta bambance, sai sunayen ma su rikice. A watan Yuli na 2022 aka naɗa Ado Aliero, wanda 'yan sandan Katsina suka shelanta suna nema, sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoto cikin ƙasar Tsafe, da sunan neman zaman lafiya, har gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Bos na jiya ya wayi gari da rawani.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu zauna jiran wani gwarzo ya faɗo daga sama. A watan Janairu na 2024 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum fiye da 2,600. Abin da ya wajaba mu nema shi ne kowane askar ya zama yana da suna da lamba da shugaban da zai amsa laifinsa, kuma duk wanda aka kama, ko wane ne shi, a gurfanar da shi gaban alƙali a bainar jama'a. Bugu da ƙari, mu ɗalibai mu daina yaɗa hotunan 'yan bindiga a Facebook da TikTok suna wasa da kuɗin fansa, domin zuga ce muke yi musu kyauta, ƙannenmu kuma suna kallo. Haka nan mu kame bakinmu daga kiran ƙabila guda bos, don a ɗakin kwananmu ɗaya akwai ɗan manomi da ɗan makiyayi, kuma kowannensu ya rasa wani nasa.

Daga ƙarshe, muna roƙon waɗanda za su zama lauyoyi da alƙalai da 'yan jarida da hakimai a cikinmu su riƙe wannan: ƙarfi ba ya shaidar mai shi, sai an ga inda ya tsaya. Allah Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya dawo da waɗanda ke daji.