Lada da Tukuici: Yadda Ake Riƙe Gwanayen Manhajar Kwamfuta



Jawabin yau ya shafi wata sana'a ce wadda dukiyarta ba ta kwana a ma'aikata. Mai masaƙa idan ya kulle ƙofa da yamma, injunansa da zarensa suna nan ciki har gari ya waye. Amma kamfanin manhaja, watau mai rubuta umarnin da kwamfuta ke bi ta yi aiki, jarinsa yana cikin kawunan ma'aikatansa ne. Kullum da yamma jarin nan yakan tafi gida, kuma ba mai iya tilasta masa ya komo. Gwani ɗaya in ya bar aiki, yakan tafi da sanin lungu da saƙo na manhajar da ya gina, wanda ya gaje shi kuwa sai ya yi watanni yana lalube. Saboda haka ne manyan kamfanonin Amurka suka daɗe suna neman dabarar riƙe gwanayensu.

Dabara ta farko ita ce albashi mai kyau, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ƙarshen shekarar 2010, sa'ad da wasu kamfanoni suka matsa wa Google da zawarcin ma'aikatansa, sai ya ƙara wa kowa kashi 10 cikin 100 na albashinsa. Amma albashi kaɗai ba ya ɗaure mutum, gama gobe wani na iya tayawa sama da haka.

Dabara ta biyu ita ce a mai da ma'aikaci abokin tarayya, a ba shi hannun jari a kamfanin. Yadda aka saba, ba a damƙa masa rabonsa gaba ɗaya. Akan raba shi bisa shekara huɗu: ba ya samun kome sai ya cika shekara guda, sa'an nan a ba shi rubu'i, sauran kuma su riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi gaggawar tafiya ya bar ragowar a baya. Kamfanin Microsoft, wanda aka kafa a 1975, ya bi wannan hanya, kuma bayan da ya shiga kasuwar hannun jari a 1986 dubban ma'aikatansa suka zama attajirai.

Duk da haka dabarar tana da nata aibi. A da, abin da akan bai wa ma'aikaci shi ne izinin sayen hannun jari nan gaba a kan farashin da aka yanke tun farko. In farashi ya hau, ya ci riba; in ya faɗi, takardarsa ta zama banza. Haka ya auku ga mutane da yawa lokacin da kasuwar kamfanonin intanet ta karye a shekarar 2000. A 2003 Microsoft ya daina ba da irin wannan izini, ya koma ba da hannun jarin kansa, wanda ko farashi ya sauka ba ya rasa daraja ɗungum.

Dabara ta uku ita ce kula da rayuwar ma'aikaci da mutuncinsa. Kamfanin SAS na Jihar Karolina ta Arewa, wanda aka kafa a 1976, ya yi suna a wannan fanni. Ya gina wa ma'aikatansa gidan renon yara da asibiti a harabarsa, ya kuma tsai da aikin mako a kan awa 35. Mujallar Fortune ta ba shi matsayi na ɗaya cikin wuraren da suka fi daɗin aiki a Amurka a 2010 da 2011. Gwani yana so a saurari shawararsa, a ambaci sunansa in aikinsa ya yi kyau, a kuma buɗe masa hanyar ƙarin ilmi da ƙarin girma.

Akwai kuma hanyar da ba ta ɓullewa. Wasu manyan kamfanoni sun taɓa ƙulla yarjejeniya a ɓoye cewa ba za su yi zawarcin ma'aikatan juna ba. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta hana su a 2010, ma'aikatan kuma suka kai ƙara. A 2015 Apple da Google da Intel da Adobe suka biya diyyar dala miliyan 415. Wanda ya toshe wa gwani ƙofar fita bai sami zuciyarsa ba, ya dai jawo wa kansa hasara.

Wannan magana ta shafi Nijeriya ƙwarai. Saurayi ko budurwa da suka ƙware a wannan sana'a suna iya zama a Kano ko Ikko su yi wa kamfanin Turai aiki ta intanet, a biya su da kuɗin waje. Kamfanin gida ba lalle ya iya gasar albashi da waɗannan ba, amma yana iya biya a kan lokaci, ya ba da rabo a rubuce, ya cika alkawari, ya girmama mai aiki. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici; gwanin da aka yaba wa ƙwazonsa da abin hannu shi ne zai dawo bakin aiki gobe da safe.

Allah ya sa a amfana.