Ciwon Haƙori da Aljihun Talaka: Misali Daga Gonin Gora



Batun da zan yi magana a kansa ƙarami ne ga wanda bai taɓa kwana zaune riƙe da kunci ba. Mu ɗauki misalin ƙaramin ma'aikaci mazaunin Gonin Gora, a Ƙaramar Hukumar Chikun, a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja. Haƙori ya hana shi barci, wata ya yi nisa, ya lissafa kuɗin mota da na kati da na magani, sai ya ce a bari sai an yi albashi. Abin da nake so mu gane shi ne, wannan jinkiri shi ke mai da ƙaramin aiki ya zama babba mai tsada.

Ba shi kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutane wajen biliyan 3.5 suna fama da cututtukan baki. Asalin abin kuwa ba tsutsa ba ce, kamar yadda aka daɗe ana zato. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin shayi da alewa da lemon kwalba, su fitar da tsami mai cinye ɓawon haƙori har ya yi kogo. Tun kogon yana ƙarami, cike shi kawai za a yi. Idan ya kai ga jijiya, sai zogi. Idan jijiyar ta mutu, zogin yakan lafa, mutum ya ce ya warke, alhali kuwa mugunya ce ke taruwa a saiwa.

To, me mutum zai yi kafin ya ga likita? Ya kurkure baki da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri. Babban mutum yana iya shan farasitamol, amma kada ya wuce giram 4 a yini da kwana. Ibuprofen ma yana taimako, sai dai mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mace mai ciki su guje shi. Kanumfari yakan dusashe zogi na ɗan lokaci. Duk waɗannan lallashi ne, ba warkarwa ba. Amma ruwan batir da fetur da ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona nama kawai suke yi. Haka kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ba ya toshe kogo.

Akwai alamomin da ba a jiran albashi a kansu: kumburin da ya sauka ƙarƙashin muƙamuƙi ko ya hau wajen ido, zazzaɓi, kasa buɗe baki, wahalar haɗiya ko numfashi. Tun 1836 wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya bayyana irin kumburin nan da ke shaƙe maƙogwaro ya yi kisa. Wanda ya ga haka, ya tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Game da kuɗi, kada mutum ya yanke wa kansa farashi a gida. Ya je sashen haƙori na asibitin gwamnati, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a duba shi, ya faɗa wa likita ƙarfinsa, ya nemi a fara da abin da ya fi gaggawa. Ma'aikaci kuwa ya bincika abin da inshorarsa ta ƙunsa, ko ta KADCHMA ta Jihar Kaduna, ko ta tarayya wadda aka sabunta dokarta a 2022.

Daga ƙarshe, a rage zaƙi, a riƙe asuwaki, a kuma goge baki safe da dare da man goge baki mai fulorayid. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.