CIWON ƁARIN KAI DA ALAMOMINSA



Ni ba likita ba ne, alli na sani. Abin da ya sa na karɓi wannan batu shi ne wata ɗaliba da na taɓa yi wa bulala sau biyu, domin takan kifa kai bisa tebur ta ce hasken taga yana soka mata ido. Na ɗauka lalaci ne. Ashe ɓarin kai ke damunta, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Wannan ciwo daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta yake tasowa, ba iska ba ne, ba kuma jifa ba. Galibi gefe ɗaya yake kamawa, yana bugawa kamar ana daka a turmi, ya ɗauki awa 4 har zuwa 72. Yakan zo da tashin zuciya ko amai, mai shi ya ƙi haske da hayaniya, ya nemi ɗaki mai duhu. Wasu, kafin ya sauka, sukan ga walƙiya ko zane-zane suna gilmawa a ido. Mata sun ninka maza kusan sau 3 wajen kamuwa da shi, ga shi kuma kunya tana hana da yawansu faɗa. Yana bin jini. Yunwa, ƙishirwa, rashin barci da zafin bazara irin namu suna tayar da shi.

Hattara da ƙwayoyin kemis. Wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 10 zuwa 15 kowane wata, maganin da kansa yana iya zame masa sanadin ciwo.

Sai dai ba kowane ciwon kai ne ɓarin kai ba. Mu da muka ga sanƙarau ta 1996 da ta 2017 mun san haka. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, ko ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko hannu ya mutu, baki ya karkace, to kada a tsaya ƙaho ko turare. A garzaya Babban Asibitin Isa ko na Sabon Birni tun da sauran rana, tunda kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.